Gwaggo Ta Canza Murya

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, na ji, ga shi nan. Ke da kika ce jira ya hana ki girki, sauke tukunyar tukuna, kada ki ƙona abinci ki ce ni ce.

Ga inda muka tsaya: an kwantar da Baba a asibiti kwana biyar, an cire masa yanar ido. Ni kuma Auta, uwar iyayi, na ɗauki tsohuwar motarsa da muke kira Gwaggo na kai garejin Dogo bakanike, aka sauke tsohon injinta aka ɗora mata wani mai turbo, na'urar nan da ke ƙara wa inji ƙarfi. Ban faɗa wa kowa ba. So nake ya buɗe sabon ido ya tarar da sabuwar mota.

Ranar Juma'a da hantsi aka sallame shi.

Na riƙo hannunsa har wurin ajiye motoci, Umma na biye da mu da kwando da filo. Idonsa na dama a naɗe da bandeji, na hagun kuwa dama ba wani gani yake da shi sosai ba. Ya lalubi rufin Gwaggo ya ɗan bubbuga kamar yadda ya saba, ya shiga gaba ya zauna.

Zuciyata sai tsalle take. Na murɗa makulli.

Bugu ɗaya ta tashi. Gwaggon da sai an lallashe ta sau uku, an taka totur, an haɗa da addu'a, sannan ta yi tari ta amsa. Yau ko gyaran murya ba ta yi ba. Na ɗan ƙara mata wuta don ya ji, turbo ya saki siririn fiton nan nasa.

Na juyo ina washe baki, ina jiran a sa min albarka.

Baba bai motsa ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Motar wa kika shigar da ni?"

"Gwaggo ce mana."

"Kujerar dai tata ce, ga ramin da na yi a ciki. Muryar fa?"

Na yi dariya. Wallahi har lokacin ban gane ba.

"Ai abin da nake ɓoye maka ke nan. Inji na sa aka canza mata. Yanzu hawan nan na wajen gada da take tsayawa tana haki, a giya uku za ta haye shi. Ba sauran masu keke su wuce mu suna ɗaga mana hannu."

"Aka canza?"

"Eh, Baba."

"Aka sauke wancan?"

"Aka sauke."

A baya na ji Umma ta ce, "Innalillahi," a hankali, irin wanda take yi in an aiko da rasuwa. Na dube ta ta madubi. Ta dafe baki da gefen mayafinta.

Baba ya juyo wajena.

"Ina injin?"

"Yana wurin Dogo."

"Kai ni."

"Baba, likita ya ce ka je gida ka kwanta, kada ƙura..."

"Auta, kai ni."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi min sauƙi.

Muka kama hanya. Gwaggo kuwa ko a jikinta, sai gudu take tana fito, ina taka birki ina jin haushinta kamar ba ni na ja ba.

Mun sami Dogo a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai a waje. Yana jin fiton ya fito yana goge hannu, baki har kunne.

"A'a, Baba da kansa! Sannu da jiki. To yaya ka ji amaryar? Ai yanzu Gwaggo ta koma 'yar sha shida."

"Ina tsohon injin, Dogo?"

Murmushin ya ragu. Ya dube ni.

"Ai... Auta ta ce ba a buƙatarsa."

Na ce. Ba zan yi masa ƙarya ba, da bakina na ce, har na ƙara da cewa ya rabu da mu da tarkace.

"Ina yake?"

"Baba, shekaranjiya masu sayen tsohon ƙarfe suka zo. Mun warware shi, suka loda. Yanzu kam ina jin ya daɗe da shiga wuta."

"Duka?"

Dogo ya sosa ƙeya, ya shiga rumfa yana ture-ture. Can ya fito da kafireta, wannan ƙaramin kan da ke haɗa wa inji mai da iska, duk ya yi baƙi.

"Wannan kaɗai na ajiye. Wanda ya ɗaura shi ya san aiki, shi ya sa na ƙi bayarwa."

Baba ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Fararen kayan da Umma ta goge masa jiya, ya ɗora abin a cinyarsa bai damu ba. Yatsunsa suka bi jikinsa suna lalube har suka tsaya kan wani ɗan ƙaramin noti. Ya daɗe a nan.

Dogo ya ce, "Baba, in irinsa kake so, ina da wani a baya. Shekara ɗaya, ƙira ɗaya. Kwana biyu na mayar maka."

"Ƙira ɗaya, hannu fa?"

"Hannu?"

"Ɗana ne ya ɗaure wancan."

Ni kuwa sai na jingina da Gwaggo.

Shekara shida, tun da Yaya ya bar gida, ba a ambace shi a gaban Baba ba. Ni da Umma in za mu yi maganarsa sai mun tura ƙofar kicin. Na san Yaya ya taɓa kwance motar nan a tsakar gida, ina aji biyu na sakandare lokacin, amma a kaina gyara ne irin na kullum. Ban taɓa kawo cewa injin da ke cikinta shi ne aikinsa na ƙarshe a gidanmu ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban sani ba. Na zaci..."

"Gobe wace rana?"

"Asabar."

"Asabar," ya maimaita. Ya sunkuyar da kai.

Umma ce ta buɗe ƙofar baya ta fito. Ta zagayo ta tsaya a gefensa.

"Faɗa mata, Malam."

Ya ɗago da sauri. "In faɗa mata me?"

"Abin da kake yi duk Asabar ƙarfe takwas, in ka shiga rumfar mota ka ja ƙyaure."

"Ɗumama mota nake."

"Da waya a hannu?"

Baba ya juya fuskarsa wajen muryarta, bakinsa a ɗan buɗe.

"Kin sani?"

"Kai a ganinka me ya sa na mayar da igiyar shanya bayan rumfar? Rana ce ta fi zafi a can? Shekara biyar da rabi ina shanya wankakkun kaya ina sake kwashewa."

Dogo, Allah Ya saka masa, ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce bari ya duba wani abu, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Na durƙusa a bakin ƙofar.

"Baba, wace waya?"

Ya fara magana, yatsansa na kan notin nan.

"Ranar da ya ce ya bar karatu zai yi kanikanci, na ce masa hannu mai baƙin mai ba zai shiga kwanona ba. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Ya kwance injin nan ƙusa-ƙusa, ya baza a kan tabarma. Kwana goma sha ɗaya. Ranar da ya gama ya zo ya miƙo min makulli. Na tada ta. Auta, tunda na sayi motar nan ban taɓa jin ta yi daɗi irin na ranar ba."

"Me ka ce masa?"

"Na ce silo ya yi sama, wai injin na gudu da yawa in tana tsaye."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na kashe ta na shiga ɗaki. Da safe babu shi babu jakarsa."

Umma ta juya baya tana share ido.

"Bayan wata shida," in ji Baba, "ranar wata Asabar, waya ta shigo, lambar ba ta nuna ba. Na ɗauka. Ba sallama, ba gaisuwa. Ya ce, 'Tada ta in ji.'"

"Yaya?"

"Shi. Na fita na tada ta, na buɗe bonet na kara wayar. Ya saurara. Ya ce, 'A canza fulogi na uku.' Ya kashe."

"Kuma ka canza?"

"Ranar na canza. Asabar ta zagayo ya sake kira."

Na zauna daɓas a ƙasan garejin, cikin baƙin mai da komai.

Jama'a, shekara shida ina kukan rashin Yaya. Na nemi sunansa a duk inda ake neman mutum a waya. Na bi abokansa ɗaya-ɗaya har suka fara ɓuya in sun hango ni. Ashe duk Asabar muryarsa na shigowa gidanmu, ni ina ɗaki ina jan bargo ina tsaki wai Baba da Gwaggonsa sun hana mutane barcin safe.

"Ba ka taɓa tambayarsa inda yake ba?"

"A'a."

"Yana lafiya? Yana cin abinci? Ya yi aure?"

"A'a."

"Haba Baba! Shekara biyar da rabi?"

"Ina tsoro." Ya ƙanƙame kafiretan. "In na ce wani abu da ba na mota ba, ya kashe ya ƙi sake kira fa? Ba ni da lambarsa. Abin da ya haɗa mu ke nan, shi ya kira, ni in tada ta. Wani lokacin lafiyarta ƙalau, sai in sassauta wannan notin da gangan, don ya daɗe yana faɗa."

Ya ɗan yi dariya, hawaye na bin ƙasan bandejin.

"Ya sani kuwa. Sai ya ce, 'Wa ya taɓa silo?' In ce, 'Ita ta sauka da kanta.' Ya ce, 'Hmm.' Wannan hmm ɗin, Auta, shi nake ci har mako ya zagayo."

Umma ta ce, "Daina kukan nan, idon ɗanye ne."

Na kama ƙafarsa.

"Baba, wallahi saboda shi na yi. Shi ne kullum yake cewa Gwaggo turbo take so, kai kana cewa a'a. Duk ranar da na tuƙa ta sai na tuna. Na ce bari in yi abin da ya so, ko na ji kamar yana kusa."

Ya lalubo kaina ya dafa.

"Na sani. Tashi, kin ɓata kayanki."

Bai yi min faɗa ba har muka isa gida. Na so ya yi. Ya wuce ɗaki da kafiretan a hannu, abincin da Umma ta kai masa haka ta fito da shi.

Washegari tun bakwai da rabi muna rumfar mota mu uku. Yau ba a ja ƙyaure ba, Umma ma ba ta ɗauko kayan shanya ba. Baba na zaune a kan benci, wayarsa a tafin hannu. Na buɗe bonet. Sabon injin sai sheƙi yake, ni kuwa ko kallonsa ba na son yi.

"Baba, ko mu ce batir ya mutu?"

"Zai ce a tura."

"Mu ce tana gareji."

"Zai tambayi me ya same ta, wa ya taɓa ta. Ban iya yi masa ƙarya mai tsawo ba."

"To kada ka ɗauka yau, kafin mu yi shawara."

"Ban taɓa ƙin ɗauka ba. Ranar aikin idon nan me ya sa na ce lallai sai Litinin? Don in dawo kafin Asabar."

Umma ta ce, "Malam, ka yi masa magana kawai. Ɗanka ne."

"In ce me?"

"Abin da ka kasa faɗa ranar da ya miƙo maka makulli."

Baba ya gyara zama. Ya juya wayar, ya sake juyawa.

Takwas ta yi. Shiru.

Takwas da minti biyu. Na ji Umma na salati ƙasa-ƙasa.

Da minti huɗu wayar ta yi ƙara.

Baba ya zabura har ta kusa faɗuwa. Bai ga madannin ba, sai ya miƙo min. Na danna, na sa ta yadda duk za mu ji, na mayar masa.

"Tada ta in ji."

Wayyo Allah. Muryar ta yi kauri, ta zama ta babban mutum, amma shi ne. Yayana ne da yake goya ni a wuya ya kai ni makaranta. Na cusa mayafi a baki don kada in yi ihu. Umma ta dafa bango.

Baba ya juyo da fuskarsa wajena, ya gyaɗa kai.

Na shiga na murɗa makulli.

Bugu ɗaya. Lif, ba tari, ba kakkarwa. Baba ya miƙe ya matso da wayar kusa da injin. Ban taka totur ba, amma me za a ɓoye wa mai irin kunnen Yaya?

Yaya ya saurara.

"Taka."

Na taka. Turbo ya yi fito.

"Wannan ba injina ba ne."

Na dubi Umma, ta dubi Baba.

"Kun cire shi."

Ba tambaya yake ba. Ya faɗe ta a hankali, yadda mutum ke faɗin abin da ya daɗe yana jiran faruwarsa.

"To," ya ce. "Ai wannan ba ya buƙatata. Sabo ne, kowane gareji za su iya da shi."

Na ji numfashinsa ya yi nisa da wayar. Kashewa zai yi.

"Auta, kashe motar!"

Tsawar da Baba ya yi har tsuntsayen da ke kan rufin suka tashi. Na murɗe makulli.

Rumfar ta yi tsit. Tunda suka fara wannan waya, yau ne karo na farko da ba ƙarar inji a tsakaninsu.

"Kada ka kashe," in ji Baba. "Don Allah kada ka kashe."

Layin na nan. Ina ganin daƙiƙun suna tafiya a fuskar wayar.

"Ba ni na cire ba. Ina asibiti. Da na sani da ban bari ba." Ya matso da wayar bakinsa. "Kuma silon nan bai yi sama ba. Ranar nan. Daidai yake. Daidai ka sa shi, ni ne..."

Ya buɗe baki ya rufe.

Daga can ɓangaren ba a ce komai ba. Amma da yake yau babu ƙara, sai muka fara jin abin da ke wurin. Ƙarar cokali a kofi. Wata ƙofa. Sannan takun ƙananan ƙafafu da gudu, da wata 'yar murya tana haki.

"Abba! Abba, an fara? Ka ce za ka tashe ni!"

Umma ta saki bangon.

"Shh, je wurin mamanki," in ji Yaya.

"A'a, ni sai na ji motar Kaka! Yau ai Asabar ce. Ɗaga ni in ji!"

Aka yi 'yar kokawa da wayar. Numfashin yarinyar ya cika ta.

"Ina motar? Abba, ba ta yi. Ta mutu ne?"

Baba ya riƙe wayar da hannu biyu, ya kai ta dab da fuskarsa kamar zai iya gani ta cikin bandejin.

"Wa... wace ce wannan?"

Sai yarinyar ta ja numfashi da ƙarfi.

"Laa! Abba, ashe Kaka yana magana!"

Baba ya zauna a ƙasa.

"Kaka," ta ce, "Abbana yana kuka. Kai ka dake shi?"